Kwasa-kwasan intanet na kyauta: za su iya tsaya wa yaro a madadin jami'a?

Malamin Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina da wata matsala da nake so masu sani su haska mini hanya a kanta, domin magana ce da ta shafi kuɗi da makomar yaro, kuma ba na so in yanke hukunci da ka.

Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare, kuma ina da ƙane wanda ya kammala sakandare shekara biyu da suka wuce. Sau biyu yana zana jarrabawar JAMB, makinsa kuma ba laifi, amma har yau bai sami gurbin karatu a fannin da ransa yake so ba, wato kimiyyar kwamfuta. Zaman gida ya ishe shi, mu ma ya fara damunmu, domin saurayi ɗan shekara 19 da ba shi da abin yi, ba a san inda abokai za su ja shi ba. Kwanan nan ya zo mini da shawarar in saya masa kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce, in riƙa sa masa data, shi kuma ya yi karatunsa a dandalan nan irin su Coursera da edX, inda ya ce malaman manyan jami'o'in Amurka ne suke koyarwa kyauta, sai dai mutum ya biya kuɗin takardar shaida idan ya gama. A ganinsa, wanda ya tara irin waɗannan takardu ba shi da sauran buƙatar jami'a.

Abin da ya sa nake ɗari-ɗari shi ne ni kaina na gwada. Cikin shekara uku na yi rajistar kwas bakwai, ɗaya kaɗai na kai ƙarshensa. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani kwas na ilimin ƙididdiga, wanda saboda zumuɗi har sabon littafin rubutu na saya masa, na rubuta sunan kwas ɗin a bango da manyan baƙaƙe. A mako na uku na maƙale a kan wata tambaya, na shiga zauren tattaunawar kwas ɗin don in nemi bayani, sai na tarar wani ɗalibi ya riga ya yi wannan tambayar shekara biyu kafin ni, kuma har ranar babu wanda ya amsa masa. A makon ne kuma aikin duba takardun jarrabawar ɗalibaina ya taso. Littafin yana nan a aljihun tebur, shafi tara kawai na cike, kuma daga ranar da na daina zuwa yau babu wanda ya tambaye ni dalili.

To, tambayata ita ce: laifina ne, ko haka tsarin yake ga kowa? Idan kuma akwai na kirki a cikin kwasa-kwasan nan, ta yaya ake gane shi kafin a zuba kuɗi? Sannan takardar da suke bayarwa, akwai wanda yake kallonta da daraja a ƙasar nan?

Malamin Jami'a daga Zariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, kwas ɗaya cikin bakwai da ka gama ya sa ka cikin masu ƙoƙari, kuma zan nuna maka dalili.

Sunan MOOC da ake kiran irin wannan karatu da shi, wato buɗaɗɗen kwas na intanet mai ɗaukar ɗimbin jama'a, ya samo asali ne a 2008, lokacin da George Siemens da Stephen Downes suka buɗe wani kwas a Jami'ar Manitoba ta Kanada, ɗalibai 25 suna biyan kuɗi, wasu fiye da 2,000 kuma suna bi ta intanet kyauta. Amma abin bai yi ƙarfi ba sai a 2011, da Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford suka buɗe kwas ɗinsu na ƙirƙirarriyar basira ga duk mai so, mutum 160,000 suka yi rajista. A shekarar da ta biyo baya aka ƙaddamar da dandalan Udacity da Coursera da edX, kuma a lokacin har ana cewa nan gaba kaɗan yawancin jami'o'in duniya za su rufe. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa cikin mutum 160,000 ɗin nan, kimanin 23,000 ne suka kai ƙarshe. Kwas na farko da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2012, kan da'irorin lantarki, ya tara kusan mutum 155,000, waɗanda suka sami takardar shaida kuwa 7,000 ne da 'yan kai. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da wani abokin aikinsa a kan kwasa-kwasan Harvard da MIT da ke edX, inda suka nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu shiga suka kammala, kuma fiye da rabin waɗanda suka yi rajista ko darasi na farko ba su buɗe ba.

Wanda ya fi shafar ƙanenka shi ne abin da ya faru a Jami'ar Jihar San Jose ta Kalifoniya a 2013. Jami'ar ta haɗa kai da Udacity don koyar da darussan lissafi da ƙididdiga na matakin farko, ga ɗalibai waɗanda da yawansu masu rauni ne a lissafi ko 'yan sakandare daga unguwannin talakawa, wato ainihin mutanen da aka ce wannan tsari ya zo ya taimaka. Fiye da rabinsu suka faɗi, aka dakatar da shirin cikin watanni. A shekarar ne kuma masu bincike na Jami'ar Pennsylvania suka gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na masu bin kwasa-kwasansu a Coursera sun riga sun yi karatun gaba da sakandare sun sami shaidarsa. Ma'ana, ruwan ya fi sauka a gonar da take da damshi tun farko. Mutumin da ya taɓa zama a ajin jami'a shekara huɗu ya san yadda ake tsara lokaci, ya san yadda ake neman bayani idan littafi ɗaya ya gagara, ya kuma san cewa rashin fahimta a mako na uku ba alamar daƙiƙanci ba ce. Wanda ya fito daga sakandare jiya bai koyi waɗannan ba tukuna, kuma bidiyo ba zai koya masa su ba.

Nakan ji matasa suna kafa hujja da labarin yaron nan ɗan ƙasar Mongoliya, mai shekara 15, wanda ya cinye makin kwas ɗin MIT na lantarki gaba ɗaya. Labarin gaskiya ne, amma akan yanke rabinsa. Shugaban makarantar yaron tsohon ɗalibin MIT ne, shi ya tara ɗalibansa suna bin kwas ɗin tare, ya kuma samo musu wanda yake zama da su suna haɗa wayoyi da na'urori da hannunsu. Sannan ladan da yaron ya samu shi ne gurbin karatu a MIT, ya tafi ya zauna a aji kamar kowa.

Game da takarda kuwa, a faɗa wa yaron gaskiya tun yanzu. Takardar kammala kwas ba digiri ba ce, ba ta cikin abin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa take tantancewa, ba a tafiya hidimar ƙasa da ita, kuma ba a ɗora mutum a matakin albashin mai digiri saboda ita. Akwai digiri na gaske da ake yi ta intanet, kamar digiri na biyu a kimiyyar kwamfuta da jami'ar Georgia Tech ta Amurka ta fara a 2014 a kan kuɗi kusan dala 7,000, amma wannan sai mai digiri na farko, sai an tantance shi an ɗauke shi, kuma akwai mataimakan malamai masu duba aikinsa. Shawarata ita ce kada ya bar neman gurbi. Idan jiran ya yi yawa, ya je cibiyar Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, mafi kusa da ku ya tambayi sharuɗɗan shiga, domin ita tana ƙarƙashin tantancewar hukuma kuma tana da fannin da yake so.

Uwargida Mai Karatun Dare ta amsa:

Malam na Zariya, Allah ya ƙara sani. Ban musa alƙaluman da ka kawo ba, amma ina ganin an ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Rajista a waɗannan dandali danna maɓalli ɗaya ce, ba a biyan ko sisi, ba a cike fom, don haka ƙirga duk wanda ya danna a matsayin ɗalibi daidai yake da ƙirga duk wanda ya taya kaya a kasuwa a matsayin mai saye. Wani darasi ɗaya kawai yake nema, ya kalla ya tafi, kuma bukatarsa ta biya. Binciken da ka ambata ma ya nuna cewa cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida, kusan rabi sun kammala. Kuma mutum 23,000 da suka gama kwas guda, malami nawa ne zai koyar da adadin nan a aji tsawon rayuwarsa?

Ni ma'aikaciyar adana bayanan marasa lafiya ce, ina da yara uku, kuma babu yadda za a yi in bar gida da aiki in koma makaranta. Kwas huɗu na gama a kan sarrafa bayanai, kuma abin da na koya ina aiki da shi kullum. Amma sai da na faɗi sau biyu ina ni kaɗai kafin na gane inda matsalar take. A karo na uku muka haɗu mu huɗu daga wurin aiki, muka sa ranar Asabar bayan la'asar a falon ɗaya daga cikinmu wadda take da sola. Ni ce mai sauke bidiyoyin mako da tsakar dare, lokacin da data take da sauƙi kuma layi ba cunkoso, in zuba su a filashi in kai. Mukan kalli minti biyar, mu tsayar, wadda ta gane ta maimaita da Hausa, sannan kowa ta buɗe kwamfutarta ta gwada. Ranar da ban yi jingar mako ba, kunyar shiga falon nan hannu rabbana ita take tayar da ni ƙarfe huɗu na asuba in yi. Uku daga cikinmu muka gama, ta huɗun haihuwa ce ta tsayar da ita. Daga baya na ji cewa ɗakunan karatu na jama'a a birnin Chicago da kuma a Kenya suna shirya irin wannan zama na ƙungiya, to mu dai larura ce ta koya mana.

Kan yadda ake gane mai inganci, Malamin Lissafi, kada sunan jami'a ya ruɗe ka, domin na ga kwas mai babban suna wanda ba komai ba ne illa lacca ta awa guda da aka ɗauka daga bayan aji aka yayyanka. Abu na farko da nake dubawa yanzu shi ne zauren tattaunawa: yaushe ne wani malami ko mataimakinsa ya amsa tambaya ta ƙarshe? Idan an shekara ba a amsa ba, kwas ɗin ya zama kango, ko da kuwa ana ci gaba da karɓar kuɗin takarda a kansa. Daga nan sai in duba irin aikin da ake bayarwa. Idan duk tambayoyin zaɓi-ɗaya ne waɗanda mutum zai iya maimaitawa har sai ya dace, babu abin da suke aunawa sai haƙuri. Wanda ya ce ka gina wani abu, ka rubuta manhaja ko ka warware matsala da bayanai na gaske, shi ne karatu.

Inda nake da ƙorafi har yau shi ne tsarin da ɗalibai suke duba aikin junansu. Na taɓa kwana uku a kan wani rahoto, wanda ya duba ya ba ni cikakken maki ya rubuta kalma ɗaya tak, wai ya yi kyau. Bayan wata biyu ina amfani da hanyar a wurin aiki na gano cewa lissafin matsakaicin da na yi kuskure ne tun daga tushe. Cikakken makin nan ya fi faɗuwa cutar da ni.

Fannin ƙanenka yana da sa'a ta nan, domin na'ura tana iya gwada manhajar da ɗalibi ya rubuta ta faɗa masa nan take ko ta yi aiki. Akwai kwas ɗin kimiyyar kwamfuta mai suna CS50 na Harvard wanda David Malan yake koyarwa, darussansa kyauta ne, jingarsa tana da wuya ƙwarai, kuma wanda ya cika sharuɗɗa yana iya samun takardarsu ba tare da biya ba. Ka sa shi ya fara da wannan. Mako huɗu sun isa ka san ko da gaske yake.

Tsohon Hedimasta ya amsa:

'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ko da yake ban taɓa yin karatu ta intanet ba, jikata ce ma take buga mini wannan.

Karatu daga nesa ya girme ku duka. A zamaninmu ta gidan waya ake yinsa, kuma malamai da akawuna da yawa a ƙasar nan sun ci jarrabawar GCE ta hanyar makarantun Ingila irin su Rapid Results College da Wolsey Hall. Ni ma haka na yi ina malamin firamare a ƙauye. Za a aiko maka da darasi a ambulan, ka karanta da fitilar ƙwai, ka rubuta amsa ka aika, sannan ka jira makonni. Ranar da takardar ta dawo, za ka gan ta ja wur da tawadar wani malami da ba ka taɓa gani ba, ya ja layi ƙarƙashin jimlarka, ya rubuta a gefe cewa hujjarka ba ta bi ba, ka sake. Ban san fuskar mutumin nan ba, amma na san rubutun hannunsa kamar na mahaifina, kuma saboda shi nake sake kwafe amsa sau biyu kafin in rufe ambulan. Da na karanta abin da 'yata Uwargida ta faɗa game da wanda ya rubuta mata kalma ɗaya, sai na ga cewa kun fi mu saurin samun darasi nesa ba kusa ba, amma mun fi ku samun gyara.

Haka Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila, wadda aka kafa a 1969, ta fahimci abin. A farkon zamaninta tana watsa darussa ta talabijin da rediyon BBC, amma kowane ɗalibi yana da malamin da yake duba aikinsa. Haka ma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976: ana ba malami littattafai ya tafi da su gida, amma a ƙarshen mako da lokacin hutu sai ya zo cibiya ya zauna gaban mai koyarwa. Na yi shekaru ina koyarwa a irin wannan cibiya, kuma na ga malaman ƙauye suna zuwa a kan keke daga wuri mai nisa don awa uku na tambaya da amsa. Ita NOUN da Malam ya ambata, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita, kuma ita ma da cibiyoyi a jihohi ta tsayu, ba da littafi kaɗai ba.

Mu a nan ma ba baƙon abu ba ne. Duk azumi dubban mutane suna sauraron tafsiri ta rediyo, suna ƙaruwa, kuma babu mai cewa sauraron banza ne. Amma ban taɓa jin wanda aka ba ijaza don ya saurari rediyo ba. Mai neman ijaza zaure yake zuwa, ya buɗe littafi ya karanta a gaban malam, malam ya tsayar da shi a kan wasali ɗaya ya ce maimaita, kuma ranar da malam ya sa hannu ya ce wane ya karanta littafi kaza a wurina, sunansa ya jingina. Ka tambayi ƙanenka, Malam, a cikin waɗannan malamai na Amurka, wane ne zai tsayar da shi a kan wasali, wane ne kuma zai ce na san shi?

Ɗan Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa ga Baba Hedimasta da sauran malamai. Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓa ba, wato harshe da kuma ma'anar kalmar "buɗaɗɗe" da ake liƙa wa wannan karatu.

Ku a Najeriya kuna kukan data da wuta, mu a Nijar muna da waɗannan, sannan ga katangar Ingilishi a kai, tunda lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muka yi ta. Abin da ya ɗan taimake mu shi ne dandalin FUN da gwamnatin Faransa ta buɗe a 2013, da kwasa-kwasan da makarantar fasaha ta Lausanne da ke Suwizalan ta shirya da Faransanci tana nufin ɗaliban Afirka. Sauran al'ummomi ba su tsaya jira ba: Sin ta kafa dandalin XuetangX a 2013, Larabawa suka sami Edraak daga Jodan a 2014. Mu kuwa, duk yawan masu jin Hausa daga Agadas zuwa Kumasi, ɗalibin da yake son koyon ilimin lantarki sai ya fara yaƙi da harshen wani, da karin maganar wani, da misalan da aka gina a kan rayuwar da bai sani ba, kafin ya iso ga darasin kansa. Abin da Uwargida ta ce suna tsayar da bidiyo su maimaita da Hausa, a wurina shi ne rabin dalilin da ya sa suka gama. A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, amma ayyanawa ba ta rubuta littafin kimiyya ko ɗaya ba tukuna.

A nan ne bambancin kyauta da buɗaɗɗe yake da muhimmanci. Yawancin bidiyoyin manyan dandalan kasuwanci, ko da an bar ka ka kalla ba ka biya ba, haƙƙin mallakarsu a rufe yake, ba ka da izinin fassara su ko gyara su ka raba wa ɗalibanka. Buɗaɗɗun kayan karatu kuwa wani abu ne daban, kuma sun riga MOOC zuwa: MIT ta sanar da sakin kayan darussanta ga duniya a 2001, UNESCO ta raɗa musu wannan suna a 2002, ƙasashe mambobinta kuma suka amince da shawarwari a kansa a 2019. Irin waɗannan suna ɗauke da lasisin Creative Commons, wanda a mafi yawan nau'o'insa yake ba ka damar kwafa da fassarawa da sauya misalai, muddin ka ambaci mai asalin aikin. Littattafan OpenStax na Jami'ar Rice haka suke. Malamin Lissafi, kai da kake da aji a hannu, wannan ya fi takardar shaida amfani a gare ka: ka ɗauki babi guda na aljabra, ka mayar da misalansa na buhun gero da kuɗin mota, ka buga wa ɗalibanka, kuma babu dokar da ka taka. Sai dai lasisi izini ne kawai, ba ya tabbatar da inganci, kuma fassarar da ba a sami masanin fannin ya duba ba tana iya yaɗa kuskure fiye da yadda take yaɗa ilimi.

Mai Shagon Kwamfuta ya amsa:

Malam, ni zan amsa tambayarka ta ƙarshe, tunda nakan ɗauki yara aiki. Kwanakin baya wani saurayi ya zo mini da takardun kammala kwas goma sha huɗu, kowace an buga ta da kala an sa a leda. Na juya masa kwamfuta na ce ga jerin kayan da muka sayar a wata uku, ya fitar mini da jimillar kowane wata. Ya yi minti ashirin yana zufa, daga ƙarshe ya ce su ba a nuna musu irin wannan ba. Wadda na ɗauka takarda ɗaya gare ta, amma ta buɗe wayarta ta nuna mini ƙaramar manhajar da ta rubuta wa mahaifiyarta don lissafin adashi.

Dalilin da ya sa ba ma yarda da takardar shi ne babu wanda ya ga lokacin da aka yi jarrabawar. Tun a 2015 masu bincike na MIT da Harvard suka bankaɗo wata dabarar satar amsa, inda mutum yake buɗe asusu biyu, ya yi amfani da ɗaya ya tattara amsoshi, ya shigar da su a na biyun. Yanzu kuma da ƙirƙirarriyar basira take rubuta jinga cikin daƙiƙa, abin ya ƙara lalacewa. Indiya ta magance wannan ta hanya mai sauƙin fahimta: a tsarinsu na NPTEL da SWAYAM darasi kyauta ne, amma mai son takarda sai ya biya kuɗi kaɗan ya je cibiya ya zauna jarrabawa ana sa masa ido, shi ya sa jami'o'insu suke iya lissafa makin cikin digiri. Mu ma muna da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta na JAMB a ko'ina, waɗanda yawancin shekara ba su da cikakken aiki.

Sannan ka yi lissafin kuɗi da kyau. Takardun nan da dala ake biya, kuma ka san inda naira ta koma tun 2023, ga kuɗin data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Kyautar ma tana ƙara tsukewa, domin waɗannan kamfanoni ne masu neman riba. Coursera ta shiga kasuwar hannayen jari a 2021, a shekarar ne kuma Harvard da MIT suka sayar da edX ga kamfanin 2U a kan dala miliyan 800, shi kuma 2U bashi ya kai shi gaban kotu neman kariya a 2024. Idan har akwai takardar da lalle yake so, ya fara cike fom ɗin neman tallafi da wasu dandalan suke da shi kafin ka taɓa aljihunka.

Malamin Lissafi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan sallar isha'i na zaunar da shi na karanta masa amsoshinku, kuma da muka zo tambayar Baba Hedimasta ya yi shiru bai ce komai ba, abin da ba halinsa ba ne.

Mun tsaya a kan cewa ba zan sayi kwamfuta yanzu ba. Zan ba shi aron tawa daga la'asar zuwa magariba, zai fara kwas ɗin da Uwargida ta ambata tare da abokansa biyu da su ma suke zaune, kuma duk ranar Juma'a da daddare zai nuna mini abin da ya rubuta ya yi mini bayaninsa layi-layi, ko da yake ni ma a nan ɗalibi ne. Fom ɗin JAMB kuwa za a saya idan an fara sayarwa, ranar Litinin kuma za mu je cibiyar NOUN tare. Ni ma na ciro littafin nan daga aljihun tebur.

Uwargida, saura tambaya ɗaya: a zamanku na Asabar, idan ku huɗun duka kuka kasa gane abu, wa kuke kai wa? Domin su ukun nan babu wanda ya fi wani, kuma a unguwarmu ban san mai rubuta manhaja ko ɗaya ba.